Zuwa ga Bawana Bazazzage, Mai Sassarfar Asuba

Bawana Bazazzage, ina gajiya? Da gaske nake tambaya, domin labari ya iso mana Kano cewa ka shiga sahun 'yan gudun asuba. An ce da liman ya sallame sai ka tuɓe jallabiya, ka zura riga da wandon 'yan ƙwallo, ka ɗaure kambas, ka maƙala wani agogo mai ƙirga taku, ka kama titin Samaru kana haki, almajirai suna tsayawa da robobinsu suna kallon ikon Allah. Wanda ya kawo mini labarin ya rantse cewa tumbin ne yake fara shan kwana, sannan kai ka biyo baya. Ban ƙaryata shi ba, don na san tumbin nan tun yana ɗan ƙarami.

An kuma ce tun bayan Ƙaramar Sallah kake wannan fama, amma duk ranar da ka hau sikelin kemis sai allurar ta tsaya daidai inda ka bar ta, har ka fara yi wa mai kemis gorin cewa sikelinsa ya lalace. Sikeli lafiyarsa ƙalau. Ku Zagezagi Allah ya ba ku jami'a, ya ba ku kwalejoji, ya ba ku farfesoshi a kowane lungu, amma lissafin shiga da fita sai an zo Kano. To matso kusa, ubangidanka zai buɗe maka littafi, kuma ba zan karɓi ko sisi ba. Ka rubuta ranar, don ba kullum Bakano yake yin haka ba.

Kitsen jikin mutum kilo 1 yana ɗauke da kalori wajen 7,700. Mai gudu kuwa yana ƙona kimanin kalori 1 a kan kowane kilo na nauyinsa a duk kilomita guda. Kai, idan na yi maka ragi irin na abokin ciniki, kilo 95 ne. Ke nan kowace kilomita tana cin kalori 95. Raba 7,700 gida 95, za ka samu 81. Wato kafin kilo ɗaya tak na kitse ya bar jikinka ta hanyar gudu kaɗai, sai ka taso daga Kwangila a guje, ka wuce Jaji, ka wuce Mararrabar Jos, ka dangana da Kawo a Kaduna, ba tare da ka tsaya sayen gasasshiyar masara a hanya ba. Kilo goma sha biyar ɗin da ka ce wa Hajiya za ka zubar kafin bikin 'yarka, ka lissafa sawu nawa ke nan, ni kunyar faɗa nake ji.

Kai kuma abin da kake yi bai wuce kilomita uku ba, rabinta ma tafiya ce da hannu a ƙugu. Mu ce kalori 300, na sake yi maka ragi.

Ba a nan gizo yake saƙar ba. Gudun naka, kamar yadda aka ba ni labari, a bencin mai shayi yake ƙarewa. Ka zauna kana fifita da hula, ka ce, “Haɗa mini mai kauri, yau na sha aiki.” Ya zuba madara, ya zuba suga har sai ka ɗaga hannu, kai kuma hannun ba ya saurin ɗaguwa. Ya yanko burodi ya shafe shi da bota ciki da bai. Sannan a ɗora Indomie biyu, a fasa ƙwai uku. Ƙaramar Indomie guda ta haura kalori 300, biyu sun haura 600. Ƙwai uku sun haura 200 tun ba su ga kasko ba. Man gyaɗa babban cokali ɗaya kalori 120 ne, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a kan mai shayi ya san ba ya aiki da cokali, kwalbar yake karkatawa yana hira da wani. Mun doshi 1,000 ke nan, ba mu taɓa burodi ba, ba mu kurɓi shayi ba. Ka fitar da 300 da haki da ciwon gwiwa cikin rabin awa, ka mayar da fiye da ninki uku cikin minti goma kana sauraren labaran safe a rediyon mai shayi. Sannan ka tafi gida, Hajiya ta ajiye koko da ƙosai, ka ce ba ka son ɓata mata rai.

Kada ka ce ni na ƙirƙiro maka wannan hali don ina Bakano. Turawan da kuke ji da su sun auna shi. A cibiyar bincike ta Pennington da ke jihar Luwiziyana a Amurka, an sa masu ƙiba motsa jiki na wata shida ana tsaye a kansu, aka wallafa sakamakon a 2019. Nauyin da suka zubar bai kai abin da lissafi ya nuna ba, kuma da aka bi sawu sai aka tarar cinsu ya ƙaru da kalori wajen 100 a rana. Loma biyu ce ko uku, wadda mutum ba zai ma tuna ya yi ta ba. Su ke nan da ba su da mai shayi a bakin titi.

Amma ko da ka ɗaure bakinka da zare, akwai wani ɓarawon a cikin gida, shi ne jikin naka da kansa. Yawancin abin da mutum yake ƙonawa a rana, kashi 60 zuwa 70 cikin 100, yana tafiya ne a ayyukan da ba ya gani: bugun zuciya, numfashi, aikin ƙwaƙwalwa da hanta da ƙoda, ɗumama jini. Narka abinci yana cin kamar kashi 10. Ɗan abin da ya rage shi ne na zirga-zirga, kuma a cikin wannan ɗan ragowar ne gudunka yake neman wurin zama.

Wani masani Ba'amurke mai suna Herman Pontzer ya tafi arewacin Tanzaniya wurin mutanen Hadza, waɗanda har yau wasunsu farauta da tonon saiwa da ɗiban zuma suke yi. Mazansu suna taka kilomita fiye da goma a rana, suna hawa kuka neman zuma, matansu suna haƙa ƙasa da sanda ga goyo a baya. Ya ba su wani ruwa na musamman suka sha, aka riƙa ɗibar fitsarinsu ana aunawa, wanda ta haka ake gane adadin kalorin da jiki ya ƙona cikin kwanaki. An ɗauka za a ga sun fi ma'aikacin ofis ƙona kalori nesa ba kusa ba. Da sakamako ya fito a 2012, sai ga shi idan an daidaita girman jiki, abin da Bahadze yake ƙonawa a rana kusan ɗaya ne da na mutumin Amurka ko Turai da yake wuni a kujera. Kafin wannan ma an yi irinsa da mutanenmu. Wata masaniya, Amy Luke ta Jami'ar Loyola da ke Shikago, ita da abokan aikinta sun gwada matan karkara a kudu maso yammacin Nijeriya da baƙaƙen matan Shikago. Na Shikago sun fi na gida nauyi da fiye da kilo 20, amma da aka daidaita girman jiki, kuzarin da suke ƙonawa wajen motsi bai bambanta da wani abin a-zo-a-gani ba. Abin da ya fi raba su yana cikin kwano.

Yadda abin yake, jiki kamar magidanci ne mai albashi ɗaya. Idan kuɗin makarantar yara ya ƙaru, ba albashin ne yake ƙaruwa ba, cefane yake ragewa, ya kashe fitilar zaure, ya daina sayen jarida, wata ya ƙare a inda ya saba ƙarewa. Ka yi gudu da safe, jiki ya rubuta a littafinsa. Da rana sai ka ji nauyin tashi, masallacin da kake takawa sai ka hau babur, yaro ne zai miƙo maka abin canza tashar talabijin da yake kusa da ƙafarka, da Azahar ka miƙe a kan dadduma har La'asar. A can ciki ma yana rage wa wasu ayyukan kasonsu ba tare da ya yi shawara da kai ba. Wani nazari na 2021 da ya haɗa mutum 1,754 ya nuna cewa a cikin kowace kalori 100 da mutum ya ƙona wajen motsi, jiki yana rama kimanin 28 ta wani wuri. Ga masu teɓa sosai kuwa abin yana kusantar rabi. Masana suna ta ja-in-ja a kan girman wannan ramuwa, amma ni dai na duba hotonka na ɗaurin auren bara, na san layin da za a saka ka.

Sai maganar leda. Da aka ce mini kana naɗe cikinka da leda, ka ɗora rigar sanyi a kai, wai don kitsen ya narke ya fito, sai da na ajiye kofin da ke hannuna. Bawan Allah, kai kakiɗe ne a kasko? Gumi ruwa ne da gishiri. Ka hau sikeli bayan gudu ka ga kilo ɗaya ya ragu, ka yi hamdala, ka sha ruwan leda biyu. Ruwan leda biyu lita ɗaya ne, lita ɗaya kuma kilo ɗaya, ya dawo gida lafiya. Kitse ta hanci da baki yake fita. Wasu masana biyu a Ostareliya, Ruben Meerman da Andrew Brown, sun yi lissafin a 2014: idan mutum ya zubar da kitse kilo 10, kilo 8.4 yana fita ne a iskar da yake fesowa daga huhu, sauran 1.6 ya zama ruwa. Da surutu yana ƙara fitar da kitsen yadda ya kamata, da babu mai tumbi ko ɗaya daga Tudun Wada har Ƙofar Doka. Abin da ledar za ta jawo maka shi ne jiri da ƙishirwa, ka faɗi a bakin titi a zafin nan, a ce Bakano ne ya yi maka baki.

Kwanciya da tashi da kake yi a kan tabarma sau ashirin kana nishi, shi ma tsokar ciki yake ƙarfafawa a ƙarƙashin kitsen. Jiki ba ya ɗibar kitse daga wurin da aka matsa, daga ko'ina yake tsakura yadda ya ga dama, kuma sau da yawa fuska da wuya ne suke fara faɗawa, har mutane su fara tambayar Hajiya ko lafiya kake. Agogon hannun kuwa, a 2017 masu bincike a Jami'ar Stanford sun gwada iri bakwai. Wajen ƙirga bugun zuciya yawancinsu sun yi ƙoƙari. Wajen kalori, wanda ya fi kowanne iya aiki ya kauce da kashi 27 cikin 100, na ƙarshensu da kashi 93. Idan ya ce maka ka ƙona 600, ka yi masa godiya kawai, maroƙi ne.

Na san ka. Yanzu ka fara murmushi, kana shirin miƙa wa ɗan autanka kambas ɗin, ka ce ai ga shi Bakano ya kawo hujja daga Amurka cewa gudu aikin banza ne. Ajiye takalmin. Ban faɗi haka ba, kuma ba na son in rasa bawa, tsada kuke yi yanzu.

Da farko, ba kowa abin yake yi wa daidai ba. A Jami'ar Leeds ta Ingila an sa mutum 35 masu ƙiba motsa jiki na mako 12, kwana biyar a mako, ana kallonsu. A tsakaice sun zubar da kilo 3.7. Amma a cikinsu akwai wanda ya zubar da fiye da kilo 14, akwai kuma wanda ya ƙaru da kusan kilo 2. Aiki iri ɗaya suka yi, abin da ya fi raba su shi ne yadda yunwa ta taso wa kowa da yadda ya tarbe ta. Gudu yana ragewa, kaɗan ne dai, kuma ga mai kama bakinsa.

Na biyu, babban amfaninsa ba ya hawa sikeli. Tun 1953 wani likita a Landan, Jerry Morris, ya duba ma'aikatan bas masu hawa biyu. Direba yana zaune wuni guda, kwandasta yana hawa bene yana sauka yana yankar tikiti. Mota ɗaya, hanya ɗaya, amma ciwon zuciya ya fi kama direbobi, ya kuma fi saurin kashe su. Kai kuwa shekara talatin kana aikin direba a kujerar ofis ba tare da mota ba. A 2002 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji a Amurka a kan mutum 3,234 da suke bakin kamuwa da ciwon suga. Waɗanda aka sa su gyara cin abinci, su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su riƙa tafiya da sauri minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58. Waɗanda aka ba ƙwayar metformin ya ragu da kashi 31. Ƙafa da kwano sun kusa ninka magani, kuma kashi 7 a jikinka bai kai kilo 7 ba. Motsa jiki yana sauke hawan jini, yana sa tsoka ta zuƙe suga daga jini, yana gyara barci, yana kuma cin mugun kitsen nan da yake naɗe da hanji da hanta, ko da allurar sikeli ba ta gusa ba. Wannan kitsen na ciki shi ne mai kai mutum asibitin Shika, ba wanda kake kamawa da yatsu ba.

Na uku, saukar da nauyi daban, hana shi dawowa daban, kuma a nan ne kambas yake cin kuɗinsa. Tun 1994 ake tattara sunayen Amurkawan da suka zubar da aƙalla kilo 13 da rabi suka kuma riƙe hakan shekara guda ko fiye. Kusan tara cikin goma na mutanen nan suna motsa jiki, a tsakaice kamar awa guda a rana, yawanci tafiyar ƙafa ce kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 zuwa 300 take nema a mako na motsi matsakaici, da kwana biyu na ɗaga abu mai nauyi don tsoka. Rabin awa a rana, kwana biyar, ka cika mafi ƙaranci. Ba sai ka yi gudu kamar an biyo ka ba. Da shekarunka da nauyinka, tafiya mai sauri wadda za ka iya magana amma ba za ka iya rera waƙa ba ta fi maka, gwiwoyinka ma za su sa maka albarka. Ka je a auna jininka da sugarka tukuna, ai likitoci a garinku sun fi marasa lafiya yawa.

Aikin tumbi kuwa yana wurin Hajiya da mai shayi da mai tsiren bakin layinku. Fara da lemon kwalba. Ƙaramar kwalba mai santilita 35 tana ɗauke da suga wajen cokalin shayi tara, kalori kusan 150, wato kilomita ɗaya da rabi na hakinka, kuma ba ta ƙosarwa, tuwon da za ka ci bayanta ba ya raguwa. Masu sayar da ita sun fi kowa son ka yarda cewa gudu yana wanke komai. A 2015 jaridar New York Times ta tona cewa kamfanin Coca-Cola ya ba da dala miliyan 1.5 don kafa wata ƙungiyar masana da ke jaddada cewa rashin motsi ne ya fi kawo ƙiba, ba abin da ake ci da sha ba. Kafin shekarar ta ƙare ƙungiyar ta watse. A matsayina na ɗan kasuwa na jinjina wa dabarar, a matsayina na ubangidanka na hana ka kwalbar.

Sauran ka san su, kunya ce kawai. Malmala uku ta koma biyu. Man da yake iyo a kan miya har kana ganin fuskarka a ciki, a rage. Furar da kake sha bayan tuwon dare wai don ta danne, ban san me take dannewa ba. Balangun ƙarfe goma sha ɗaya, wanda kake cewa mai nama ya haɗa da kitse-kitse, a bar shi sai ranar Juma'a. Abin da ya fi ba ni haushi, Allah ya ba ku abinci guda ɗaya da likita zai sa wa hannu, wato fate. Tsaki kaɗan, ruwa da yawa, rama da yakuwa da alayyafo har cokali ya tsaya, mutum ya sha ya ƙoshi bai ɗauki wani kaya ba. Shekara da shekaru muna yi muku dariya a kansa, ashe ku ne da gaskiya, sai ga shi ranar da gaskiyar ta fito kai ka koma Indomie. Kada ka ce mini gurasa. Gurasa da ƙuli da mai ba ta taɓa cewa ita maganin ƙiba ce ba, kuma mu da muke cinta a Kantin Kwari muke wuni a tsaye muna ɗaga bandir.

Ka daina wahalar da mai kemis. Sami igiya, ka taka bakinta da dugaduganka, ka ja ta har tsakar kanka, ka yanke. Ninka ta biyu, ka zagaya cikinka da ita ta wajen cibiya, ba ta ƙasan tumbi inda kake ɗaure wando ba, kuma ban da shan numfashi. Ƙa'idar da likitocin Ingila suke ba mutane ita ce kewayen ƙugu kada ya kai rabin tsawon mutum. Idan bakunan igiyar suka haɗu har da saura, na janye rabin abin da na faɗa. Idan suka tsaya suna hangen juna daga nesa, ka ɗaura ƙulli a inda ta tsaya, ka rataye ta a ƙusa, ka sake gwadawa duk farkon wata. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Cika-ciki ya ƙarato, kuma na san yadda kuke ɗaukarsa a gidanku, kamar umarni ne daga fada. Bana ka yi rabi-ciki, babu wanda zai kai ƙararka. Maganar kuɗin shara kuwa, ba aike za a yi ba. Ka shigo mota ka zo Kano da kanka, tsintsiya tana jiranka, ka share mini daga zaure har ƙofar gida, ai duƙawa da tashi ma motsa jiki ne. Idan ka gama mu hau Dala tare, ni a gaba kai a baya riƙe da takalmana. Ladanka yalo biyar da ruwan randa, kuma ka taho da igiyar, don a gaban shaidu za a auna.